Kawu yana ƙasa yana faɗa, ni ina sama ina dubawa

Ni tela ne, shagona na nan cikin birnin Katsina wajen Ƙofar Marusa, kuma in ka cire daren duban watan azumi da na sallah ban taɓa ɗaga kai na kalli sama da niyya ba sai a watan Oktoban 2024. Idona ya saba da abin da ke kusa, kafar allura, layin alli a jikin shadda, in na tashi aiki kuma sai waya. Abin da ya fara ja na shi ne hotunan tauraruwa mai wutsiya da aka yi ta yawo da su a Facebook a tsakiyar watan nan, wai ana ganinta a yamma bayan magariba, wasu na sa hoto wasu na ta maimaita maganar nan ta ganinki ba alheri ba. A gidanmu akwai ɗaki ɗaya da aka yi wa rufin kankare da niyyar ɗora bene, kuɗi suka yanke aka bar shi haka, da tsani ake hawa in za a shanya tattasai ko barkono. Nan na hau bayan sallar magariba, na ga wani tauraro fari tas a yamma mai haske kamar an kunna fitila, na sauko da murna nace na ganta amma fa ba wutsiya.

Lokacin Kawu yana gidanmu, yayan Inna ne, manomi ne a wani ƙauye ta wajen Mashi, ya zo jiran aikin ido saboda yanar ido ta rufe masa duka biyun, in ka tsaya gabansa sai ka yi magana yake gane ka. Yana zaune kan tabarma a tsakar gida da carbinsa, yace mi ka gani, na faɗa masa, yace tana ƙyalƙyali ko tsaye haskenta yake? Nace tsaye yake cak. Yace to ai wannan Zara ce ɗan nan, matar wata, kai duk tsawon rayuwarka ba ka san Zara ba? Wallahi sunan na sani tun ina yaro, har kirari ake wa mata da shi, amma ban taɓa haɗa sunan da wani abu da ke sama ba. Mai wutsiyar dai har ta dushe ban kama ta da idona ba, wannan ya wuce ni kuma har yau yana min ciwo.

Kwanaki kaɗan bayan haka aka shiga duhun nan da ya game kusan duk jihohin Arewa, wuta ta tafi ta haura mako ba ko ƙyas, masu sana'a irin tamu kowa ya ji a jikinsa, keken aiki a tsaye, ga man janareta ya fi ƙarfin mutum, ga cajin waya sai an biya. To amma da daddare in ka hau rufin nan sai ka ga abin da ban taɓa zaton akwai shi a saman Katsina ba, kuma aka yi dace wata ya ja baya ba ya fitowa sai dare ya raba, unguwa tsit sai 'yan fitilun sola can bakin titi. Daren farko ban ga wani abin kirki ba don ina hawa ina latsa waya, na sauke wata manhaja ta taurari ina juya ta sama ina neman ta faɗa min komai, allon yana haske min ido, in na ɗaga kai sai in ga baƙi kawai da 'yan taurari da ba su wuce a ƙirga ba. Kawu daga ƙasa yace wai mi kake yi ne shiru, nace ina duba waya, yace sa ta aljihu ka kwanta rigingine ka yi salati ɗari biyu tukuna sannan ka yi min magana. Na yi yadda yace. Kafin in gama sai taurari suka fara fitowa ta inda da ba komai, ƙanana ƙanana kamar an watsa gero a kan baƙin mayafi, sannan wani farin abu kamar hayaƙi ya ratso sama tun daga kudu maso yamma ya bi ta saman kaina ya yi arewa, har na ce masa gajimare ya taso. Yace gajimaren da ba ya tafiya da iska? Daga baya na gane tarin taurari ne masu nisan gaske da ido ba ya iya rarrabe su ɗaya ɗaya, kuma ranarmu ma a cikin wannan tarin take. Na kuma gane ido yana buƙatar minti 20 zuwa 30 a cikin duhu kafin ya buɗe sosai, kallon waya na ɗan lokaci kaɗan kuma sai ya rushe komai a koma farko. Tun daga ranar in dole sai na haska wani abu, ƙaramar tocila nake amfani da ita na ɗaure bakinta da jar leda ninki biyu, jan haske ba ya kashe ido kamar fari.

Haka muka riƙa yi kullum bayan isha'i, shi yana ƙasa kan tabarma don ba zai iya hawa tsani ba, ni ina sama da maganin sauro a gefe, yana faɗa ina dubawa. Abin da ya fi ba ni mamaki mutumin da ba ya ganin fuskata shi ne zai ce juya gabas, ka ɗan karkata hagu, yanzu Kaza ta yi tsawon gora biyu daga ƙasa, ka ganta? In duba in ga wani ɗan dunƙule kamar an tara ƙwayoyin lu'ulu'u wuri ɗaya. Kaza da 'ya'yanta ke nan, wadda malamai ke kira Surayya. Yace ƙirga min ɗiyan. Na ƙirga biyar, yace ƙara dubawa amma kar ka zuba mata ido kai tsaye, kalli gefenta kaɗan kamar mai satar kallo. Ina yin haka sai ta ƙara haske, na samu shida. Gefen ido ya fi tsakiyarsa kama haske mai rauni, wannan dabara ita na fi amfana da ita a duk abin da na koya, kuma shi ba a littafi ya samo ta ba, a gona ya samo ta lokacin da suke kwana gadin dawa. Yace shi da ƙuruciyarsa bakwai yake ƙirgawa, ni dai har yau shida nake samu.

Bayan Kaza da kamar awa ɗaya sai wani ja-ja ya biyo ta, yace Dabaran ke nan, kullum yana bin ta a baya ba ya cim mata. Can kuma wajen tara da rabi zuwa goma sai taurari uku su fito a jere reras kamar maɓallan gaban riga, tazararsu ɗaya, wanda duk ya gan su sau ɗaya ba zai ƙara mantawa ba. In ka bi layinsu ka yi sama zai kai ka wajen Dabaran da Kaza, in ka bi shi ka yi ƙasa ka jira zuwa sha ɗaya sai wani ya ɓullo yana walƙiya, shuɗi, fari, ja, kamar ana juya madubi a rana. Wannan shi ne Shi'ira da aka ambata a ƙarshen Suratun Najmi, duk cikin taurarin dare masu ƙyalƙyali ba wanda ya kai shi haske, kuma hasken da ke shiga idonka ya yi shekara takwas da 'yan watanni yana tafiya kafin ya iso, alhali na rana minti takwas yake yi. Ayar na sha karanta ta tun a makarantar allo, amma ranar da na ga shi tauraron da idona sai da tsigar jikina ta tashi. A shekarar akwai wani babba fari kusa da Dabaran wanda shi ma ba ya ƙyalƙyali, na tambayi Kawu yace wannan baƙo ne, ba mazaunin wurin ba ne, baɗi ba za ka same shi nan ba. Mushtari ne, duniya ce irin tamu mai zagaya rana, kamar Zara, shi ya sa haskensu yake tsaye.

Inna fa hankalinta bai kwanta ba. Ta ga kullum ina sama har sha ɗaya, ga littafin awo na ɗauko ina rubuce-rubuce a bayansa, rannan ta tare ni a bakin tsani tace kai ni fa ban gane ba, kar ka je ka zama ɗan duba a gidan nan, ta juya kan Kawu tace Yaya kai ma da girmanka kake biye masa. Maganar ta tsaya min a rai don ni ma ban san iyakar abin ba, washegari bayan la'asar na tsaya wajen limamin masallacinmu nace Allah gafarta Malam ga abin da nake ciki. Yace sanin taurari don gane hanya da alƙibla da lokutan shekara ba laifi, ya karanto min ayar Suratun Nahli inda Allah ya ce da taurari suke shiryuwa, yace abin da aka hana shi ne ka ce tauraro kaza ne ya kawo ruwa ko shi zai kawo arziki ko mutuwar wani, ya kawo hadisin nan na Hudaibiyya da aka yi ruwa da dare, Annabi (SAW) ya faɗi bambancin wanda ya ce an yi mana ruwa da falalar Allah da wanda ya ce an yi mana ruwa saboda tauraro kaza. Har ya ƙara min da cewa garin nan namu ya taɓa fitar da malamin lissafi da ilmin taurari, Muhammadu ɗan Muhammadu Alkashinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741. Na dawo na faɗa wa Inna, tace to, amma ka riƙa sa hula sanyi ya fara.

Abin da nake rubutawa a littafin awon kuwa lokaci ne. Maƙwabcinmu na gabas yana da tankin ruwa a sama, sai na zaɓi wuri ɗaya a rufin, na yi masa alama da alli, kullum nan nake zama, in rubuta ƙarfe nawa Kaza ta haura saman tankin. Ranar farko da ta biyu ban ga wani bambanci ba, amma da aka yi mako sai na ga ta riga lokacinta da kusan rabin awa, da aka yi wata guda kuwa har awa biyu, tun ana magariba tana sama. Minti huɗu take ragewa kowane dare, kuma ba ita kaɗai ba, duk saman ne yake matsawa yamma haka a hankali saboda tafiyar da duniyarmu ke yi tana zagaya rana. A ganina duk wanda zai koyi sama daga nan ya kamata ya fara, wuri ɗaya, lokaci ɗaya, dare bayan dare, don manhaja za ta ba ka suna amma ba za ta sa ka ji tafiyar a jikinka ba, ni ma sai da na rubuta da hannuna na yarda.

Wannan ne ya buɗe min ƙofar lissafin da Kawu yake yi a ka. Taurari 28 ne yake jerowa kamar karatu, bakwai na bazara, bakwai na damina, bakwai na kaka, bakwai na ɗari, kowanne kwana 13 in ban da Jabha mai 14, in ka tara sai ka samu 365 cif. Na damina su na fi riƙewa don su ya fi faɗa da daɗi, Haƙa'a, Hana'a, Zira'a, Nasara, Ɗarfa, Jabha, Harsan, yana faɗa yana gaya min wanne ake shuka a cikinsa, wanne in ka yi shuka ka makara, wanne ruwa ya fi nauyi bisa al'ada in Allah ya so. Nace to Kawu yanzu da muke cikin na kaka nuna min wanda muke ciki in gani. Ya yi dariya yace wanda ake ciki ai ba a ganinsa, yana tare da rana, ita ta rufe shi da haskenta, sai ta wuce shi sannan zai fara leƙowa da asuba. Wannan magana ta kwana biyu tana min yawo a ka kafin ta zauna, ashe taurarin damina su ne nake kallo a sama cikin sanyi, na lokacin da ake ciki kuma suna can bayan hasken rana.

Cikin Nuwamba aka yi masa aikin ido ɗaya, aka dace. Da aka cire bandeji da 'yan kwanaki ya sa na kama hannunsa muka fita ƙofar gida bayan magariba, ya tsaya ya fuskanci yamma ya daɗe bai ce komai ba, can yace ga ta nan, shekara huɗu rabona da ita. Kaza kuma yace yana ganin wurin kamar toka amma ɗiyan sun ƙi rabuwa. Bayan mako biyu ya koma gida don ana ta kaye-kayen amfanin gona, ya bar ni da tsani da littafin awo.

Disamba da Janairu sun gwada haƙurina. Wuta ta dawo, maƙwabta suka kunna fitilun waje, farin hayaƙin nan na tsakiyar sama ban ƙara ganinsa daga rufinmu ba, sannan hazo ya sauka, wani daren in ka hau ba abin da za ka gani sai Zara da Mushtari da Shi'ira, sauran duk ƙura ta shanye. Na ji ana cewa daren 13 ga Disamba ake samun yawan taurarin nan masu gudu da muke cewa an jefi shaiɗan, kowace shekara a wannan lokacin, na shirya da bargo da shayi a fulas na zauna har ƙarfe biyu, amma wata saura kwana biyu ya cika, ya haske sama fes, ga hazo, guda huɗu kacal na gani. Ɗaya dai ta biya ni, ta taso daga saman kai ta yi kudu da wani haske kore-kore ta bar layi a bayanta na ɗan lokaci, kuma wai yawancinsu ba su wuce girman ƙwayar gero ko tsakuwa ba, gudu ne yake sa su ƙone a cikin iska can sama. Daga ranar na koyi duba kwanan wata kafin in sa rai, daga 20 ga watan Musulunci zuwa 3 ko 4 ga sabo su ne darare masu kyau ga mai kallon farkon dare, don wata yana ƙara makara da kusan minti 50 kullum. Fita bayan gari da dare kuma inda ya fi duhu ban yi ba, kowa ya san halin da ake ciki na tsaro, ban ga dalilin sa Inna cikin zullumi ba.

Tauraron arewa sai a Maris na same shi. Kawu ya sha gaya min akwai wanda ba ya motsi, da shi matafiya ke gane gabas da yamma, ni kuma ina ta neman wani babba mai haske, ashe matsakaici ne kuma a ƙasa ƙasa yake. Sai da taurari bakwai ɗin nan masu kama da ludayi suka hau sama a arewa maso gabas, na bi biyun bakin ludayin na miƙe da layinsu, na same shi shi kaɗai a saman wata bishiyar darbejiya. In ka miƙe hannu ka dunƙule, faɗin dunƙulen kusan digiri 10 ne, shi kuma daga Katsina digiri 13 yake daga ƙasa, dunƙule ɗaya da ɗan ƙari, daidai da nisan garinmu daga layin da ya raba duniya biyu, arewa da kudu. Na duba shi ƙarfe tara, na duba da sahur, yana nan saman darbejiyar bai gusa ba, ludayin kuwa ya kife ya koma ɗaya gefen. In ka fuskance shi gabas tana hannun damanka, alƙiblarmu kuma ba gabas sak ba ce, ta ɗan karkato arewa da kamar dunƙule biyu.

Zara kuwa ban taɓa sakinta ba tun Oktoba. Ta yi ta hawa tana ƙara haske har cikin Janairu, sannan ta fara saukowa. A farkon azumi, 1 da 2 ga Maris 2025, muna shan ruwa ga jinjirin wata ga ta kusa da shi, har Inna sai da ta fito ta kalla tace lallai matar wata. Daga nan kullum sai ta ƙara yin ƙasa, ta ƙara kusantar inda rana ta faɗi, kafin azumi ya kai ashirin na neme ta na rasa. Na karanta cewa ita falakinta, wato hanyar da take bi tana zagaya rana, yana tsakaninmu da rana, shi ya sa ba ta taɓa yin nisa da ita, ba za ka taɓa ganinta a tsakiyar sama da tsakar dare ba, kuma a wajen 23 ga Maris za ta ratsa tsakaninmu da rana ta ɓullo ta ɗaya gefen, ta koma fitowa da asuba. Wato Gamzaki. A nan ne kuma na tuna husufin ranar Laraba 29 ga Maris 2006, ina firamare, da hantsi gari ya yi duhu a Katsina kaji suka nufi akurki mutane na ta kabbara, na tuna wani tauraro guda da muka gani fes a sama muna nuna wa juna, ashe ita ce.

Ina cikin sitta shawwal a makon farko na Afrilu, mun fito sallar asuba, maimakon in koma in kwanta sai na hau tsani. Gabas ta fara ja, ƙura ƙura a ƙasa, kuma ga shi can dab da gefen tankin maƙwabci, fari tas, haskensa tsaye cak, irin hasken da na yi wata biyar ina kallo a yamma. Hannuna har rawa yake na kira Kawu, ya ɗauka yana tari, nace Kawu kun ga Gamzaki ya fito? Yace tun shekaranjiya na gan shi, kai ne mai barci. Nace to ai ita ce Zara, ita ɗin ce ta zagayo. Yace a'a ɗan nan, Zara mace ce ta yamma, Gamzaki namiji ne na asuba, haka muka taras. Nace to ku duba yamma yau da magariba, in kun ga Zara ni na yi kuskure, kuma duk tsawon watannin da Gamzaki zai yi yana fitowa ba za ku ganta ba. Ya yi shiru, ina jin carar zakaru ta cikin wayar, can yace to zan duba, kuma in ka tashi zuwa ka taho min da maganin ɗigawar nan na ido, ya kusa ƙarewa.